Tunau da Ramin Salga

A garinmu Rafin Gawo akwai wani mutum ana ce masa Tunau. Ƙato ne, ga ƙarfi, ga ladabi, ba ya ƙarya, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Yana zaune da mahaifiyarsa Iya Delu da awakinta uku. Ƙanenta, Kawu Mati mai gyaran famfo, shi ne mai ba da shawara a gidan, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Wata rana ruwan farko ya sauka, salgar gidan ta rufta. Duba-gari ya zo ya ba su kwana bakwai su haƙa sabuwa, in ba haka ba sai gaban mai unguwa. Iya Delu da ba a taɓa kai ƙararta ko'ina ba, ranar ko tuwo ta kasa ci. Ga shi kuma shekarun baya, da aka yi wa garin rijiyar burtsatse, an binne bututun ruwa da wayar wuta ta cikin unguwar, leburorin sun tafi, ba wanda ya riƙe hanyar da suka bi. Kawu Mati ya ce, "Tunau, kada ka ɗaga diga sai ka tambayi kowa inda bututun ya bi." Tunau ya ce, "Kowa, Kawu?" Ya ce, "Kowa." Sai Tunau ya bi gari gida-gida. Ya tambayi liman, ya tambayi amaryar da aka kawo shekaranjiya daga wani gari, ya tare wani direban da ya tsaya shan shayi. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba mu iya cewa ba mu sani ba. Kowa ya nuna masa hanya, kuma ba biyun da suka zo ɗaya. Kwana biyu suka tafi.

Wata rana kuma, ta uku ke nan, Kawu ya ce, "To, duk inda aka ce maka ya bi, ka ja layi da toka." Tunau ya kwashe tokar murhu, ya haɗa da wadda Iya ke tarawa ta miya. Layi ya bi ta ɗakin Iya ya haye kan gadonta, wani ya ratsa tabarmar maƙwabcinsu Ɗanliti yana kwance a kai. Kafin azahar tsakar gida ta koma kamar gidan dara. Kawu ya zo ya riƙe baki. Ya nuna wani layi a bayan garken awaki ya ce, "Wannan fa, wa ya faɗa maka?" Tunau ya ce, "Baba Uwale. Ta ce ita ta riƙa sayar wa leburorin ƙosai a nan." Kawu ya yi tsaki ya ce, "Tsohuwar da ba ta gane jikokinta?" Ya sa takalmi ya goge layin.

Wata rana, ta huɗu, Kawu ya zo da dabarar masu sana'a. Ya ce, "Ka sa kunne a ƙasa har ka ji gudun ruwa a bututu." Ranar kuwa ba a kawo wuta ba, ba a saki ruwa ba. Tunau ya kwanta a ƙofar gida tun hantsi, kunne a ƙasa, kaji na tsallake shi. Wajen la'asar wata mai wucewa ta gan shi ba ya motsi, ta ƙwalla salati. Mata suka fara taruwa da kuka, sai Tunau ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Don Allah ku yi shiru, ba na ji." Iya Delu ta shiga ɗaki ta yi kukan gaske, don ta ga kwanakin da aka ba ta na ƙarewa ko taki ɗaya ba a haƙa ba.

Wata rana, ta shida, bayan an yi asarar ta biyar a ruwan sama, Kawu ya zaɓi wuri da kansa, daidai inda ya goge layin nan. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, shekara talatin ina aikin famfo, nan babu komai." Ya juya ga Tunau ya ce, "Haƙa da fartanya, a hankali. In ka ga wani abin da ba ƙasa ba, kada ka motsa daga wurin sai na zo na gani da idona." Tunau ya tono tsingaro, ya ƙwala kira har aka je aka ɗauko Kawu daga shago. Ya tono ƙashin akuya, aka sake ɗauko shi. Ya tono tsohon silifa. A zuwa na tara Kawu ya rantse ba zai sake dawowa ba, ya ce gobe Ɗanliti ya zo da diga ya ƙarasa aikin.

Ranar ta bakwai Tunau ya yi sammako, rami ya kai masa gwiwa, sai ga wata jar leda ta leƙo daga ƙasa. Ya ajiye fartanya ya ƙame. Ɗanliti ya zo da diga a kafaɗa ya ce, "Fito in yi aiki." Tunau ya ce, "Kawu bai gani ba." Iya ta roƙe shi, ta zage shi, ta ce, "Tunau, so kake a kai ni gaban mai unguwa da furfurata?" Hawaye suka zubo masa, amma ko yatsan ƙafa bai ɗaga ba. Mutum uku suka ja shi, suka kasa.

Ana cikin haka duba-gari ya yi sallama, Kawu Mati na biye da shi yana huci. Duba-gari ya leƙa ramin, ya ga ledar, fuskarsa ta sauya. Ya durƙusa ya share ƙasa da hannu. Ashe ledar doguwa ce, irin wadda ake shimfiɗawa a kan waya don gargaɗin mai haƙa. Ƙasa da ita kaɗan ga wayar wuta nan baƙa ƙirin, ga bututun ruwan gari a gefenta, a miƙe zuwa bayan garken awaki. Ɗanliti ya dubi bakin digarsa, ya dubi wayar, ya sulale ya zauna a ƙasa.

Duba-gari ya ce, "Iya, na ƙara muku kwana goma. Zancen mai unguwa kuma babu shi." Kawu Mati ya gyara hula ya ce, "Ai ni na ce masa kada ya motsa."

Daga cikin ramin Tunau ya ce, "Kawu, ka gani da idonka?"

Kawu ya ce, "Na gani."

Tunau ya ce, "To in fito in mayar da layin Baba Uwale da ka goge?"