Ranar da Na Yi wa Surukata Jarrabawar Turanci

Ba zan taɓa mantawa da jarrabawar baka da na yi wa matan ajin yaƙi da jahilci a Gafasa ba. Lokacin ban daɗe da tarewa a garin ba, daga Gaya aka kawo ni, da takardar shaidar malanta a akwati da ji da kai daidai gwargwado. Aka ba ni ajin matan aure na yamma in koya musu Turanci. A cikin ɗalibaina har da Inna, mahaifiyar maigidana.

Inna ba wasa ta zo yi ba. Ita ce farkon zuwa, tabarmarta kullum a gaba, kuma a aji ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Malama (a gida kuwa "yarinyar nan" ce ni har gobe). Burinta ɗaya, a yaye ta tare da ƙawayenta. An riga an fitar da ankon bikin yaye, ta ɗinka nata, ta aika wa 'yan'uwanta na garin Balan su zo. Doka kuwa ta ce duk wadda ta faɗi jarrabawar baka sai ta maimaita shekara.

Ana dab da jarrabawar aka tura mu bita a Gaya kan yadda ake auna mai koyon Turanci. Abin da aka koya mana mai kyau ne, ni ce dai na haɗiye shi ban tauna ba. An ce mu duba ko ɗaliba ta fahimci tambaya, ko ta iya haɗa jimla, ko ana gane abin da take faɗa. Wadda ta yi shiru a maimaita mata a hankali, in ta kasa a ɗora ta a hanya, in har yanzu shiru ne to sifili. Aka raba mana ɗan littafi mai samfurin tambayoyi. Na dawo na kwafe su kaf a 'yan takardu, na nannaɗe, na zuba a kwano don kowa ta ɗauki rabonta. Wai dabara ce, kada a ce na zaɓar wa surukata mai sauƙi. Ko sau ɗaya ban tsaya na juya tambayoyin nan da Hausa a raina ba.

Ranar jarrabawa Hajiya Rabi, mai duba irin waɗannan azuzuwa, ta zo daga Ajingi ta zauna kusa da ni. Abu ya fara lafiya. Wata ta ɗauko tambayar abin da ta dafa jiya, wata ta ranar kasuwa, wata ta abin da suke nomawa. Suna amsawa, ina ba da maki, ina satar kallon Hajiya ko ta lura da irin aikina.

Sai layi ya zo kan Inna. Ta yi bismilla ta ɗauko takarda ta miƙo mini. Na warware, na karanta da Turanci, da muryar malamai: mene ne sunan ɗanki na fari?

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ni ma na sani. Na kuma san ɗan farin Inna shi ne mutumin da nake aure. Amma Turanci yana da wani hali, sai ya wanke wa magana kunya ka ji ta fes kamar ba komai. Ni dai abin da na gani, ɗaliba ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, ga mai duba aiki a gefena.

Na maimaita a hankali. Shiru. Na ƙara murya, na ɗaga yatsa ɗaya, har da kwatanta goyo a bayana (Allah ya sa babu mai waya a hannu). Matan baya suka fara tarin da ba na mura ba. Iya Abu, aminiyar Inna, ta roƙe ni ƙasa-ƙasa in canza mata wata. Na ce doka ba ta yarda ba. Ina hango ankon nan a ninke a ɗaki da baƙin Balan, ga hannuna ya riga ya fara zagaya sifili.

Sai na tuna an ce a ɗora ɗaliba a hanya. Na gyara zama, na ce da Turanci sunansa wane, na faɗi sunan mijina ɓaro-ɓaro. Da yake a makaranta an saba cika suna, na haɗa har da na mahaifinsa, wato mijin Inna. Sannan na ce ta maimaita bayana.

(Kada ku sa ran zan rubuta sunan a nan. Sau ɗaya ya ishe ni.)

A lokacin ne maganar ta iso kunnena da Hausa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta ɗago. Ba ta dube ni ba, Hajiya Rabi ta duba, ta yi magana da Turanci, kalma bayan kalma, ba gargada:

"Na gane tambayar. Ɗana na fari mijin Malama ne. Ni ba na faɗin sunansa. Malama ta faɗa."

Hajiya Rabi ta leƙa takardata ta ga rabin sifilin. Ta ce, "Malama, Turanci kika zo aunawa ko tsaurin ido?" Ta karɓi biron, ta bi sharuɗɗan bitar ɗaya bayan ɗaya: ta fahimta, ta haɗa jimla, an gane ta. Ta ba Inna cikakken maki, ta ce a kwashe sauran takardun kwanon a duba su kafin a ci gaba. A ciki muka tarar da mai tambayar sunan miji da mai tambayar shekaru.

Da aka tashi na ɗauki tabarmar Inna na bi ta a baya har gida. Da maigidan ya dawo daga gona ya tambayi yadda jarrabawa ta kasance, ina durƙushe a bakin murhu na kasa ɗagowa. Inna ce ta amsa daga ɗakinta: "Lafiya lau. Kai ma ka fito a ciki, kai da babanka."

An yaye Inna cikin ankonta, mutanen Balan sun ci shinkafa sun koma. Ni kuma na koyi cewa shirun ɗalibi ba kullum rashin sani ba ne, wani lokacin malamin ne ya faɗi jarrabawar. Yanzu duk tambayar da zan saka, sai na fara juya ta da Hausa, in ga ko zan iya yi wa Inna ita a tsakar gida. In ba zan iya ba, ba ta shiga kwano.