Goggo Maybelle Ta Rasu, Lambarta Na Nan

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Misis Delphine Ratliff, sakatariyar Kwamitin Lauyoyi da Akantoci Masu Aikin Asibitocin da Suka Karye, tana sanar da 'yan kwamiti, da ma'aikatan jinya na ƙauyuka, da duk wanda aka taɓa rufe masa asibiti, rasuwar tsohuwar na'urar faks ta ofis, wadda aka fi sani da Goggo Maybelle. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta na bakin taga a ofishin kwamiti da ke birnin Knoxville, tana da shekara ashirin da shida, kuma tana bakin aikinta.

Saboda lauyoyin da suka tashi da waya a aljihu, bari a faɗi ko wace ce marigayiya. Ita ce ake sa wa takarda a wani gari, ta fito da ita a nan ta layin tarho. Idan asibiti ya karye, aka kwashe gadaje da injina aka sayar, abin da ke saura shi ne fayil ɗin marasa lafiya, kwali kan kwali a sito. Ƙa'ida ita ce a buga sanarwa a jarida, a jira shekara guda cif, wanda bai nemi nasa ba a niƙe shi. Tun zamanin shugaban kwamiti na farko, marigayi Barista Orville Tackett, lambar Goggo ake bugawa a ƙasan irin wannan sanarwa. In buƙata ta iso, sai Misis Ratliff ta ɗauki mota ta tafi sito ta tono.

Marigayiya mai sauƙin kai ce. Ba ta taɓa tambayar kowa kalmar sirri ba, ba ta taɓa cewa tsoho ya buɗe akwatin imel kafin ta saurare shi ba. Mutum ya je kantin magani na ƙauyensu, ya rubuta da biro, a tura, ta karɓa. Sai dai tana da murya, wannan kam ba a musu. "Kiiiiii! Ƙurrrr, ƙit, ƙit, ƙit," in ji ta, ko da babban alƙali ne ke magana a ɗakin. Da damina takan haɗiye shafi biyu a tashi ɗaya, kuma an yafe mata tuntuni.

Babu aikin shekara na kwamitin nan da ba a gabanta aka yi ba. Ta ga taron tarho na Alhamis ɗin farkon kowane wata, inda rabin mahalarta ke tauna abincin rana a kunnen sauran. Ta ga mujallar wata uku-uku, wadda lauyoyi ke rantsuwa za su kawo mata rubutu sannan su ɓace. Ta ga laccar bazara, ta ga liyafar Disamba inda ake miƙa wa juna lambar yabo ana tafi. Rahoton bana ya lissafa lacca huɗu da mujalla uku da liyafa, har da sunan wanda ya kawo furanni. Buƙata ɗari bakwai da ɗoriya da Goggo ta karɓa daga mutanen da aka bari ba asibiti kuwa, ko layi ɗaya ba su samu ba. Misis Ratliff ta karanta rahoton sau biyu, kuma har yanzu ranta a ɓace yake.

Ciwon ajali ya soma ne a watan Afrilu, ranar da sabon shugaba, Barista Garrett Lomax, ya fara zagayen ofis. Sana'arsa ke nan, ya shiga kamfani mai numfashi sama-sama ya nemo abin da za a datse, kuma ya iya. Ya tsaya a kan marigayiya ya ce, "Misis Ratliff, ashe kakar nan taki na da sauran rai? To ranar da ta tafi, layin ma ya bi ta. Kowa ya koma intanet."

"Barista," in ji ta, "ka taɓa hawa ƙauyen Cutter's Gap ka nemi intanet? Can sai ka hau rufin kaji kafin wayarka ta farka."

Ya yi dariya, ya sa maganar yanke layi a matsayin batu na tara a taron shekara, don a rufe komai tare da shekarar kwamiti a Disamba. Abin da ya manta, shi da ya kamata ya fi kowa sani, shi ne shekarar mara lafiya ba shekarar kwamiti ba ce. Sanarwar asibitin Cutter's Gap a watan Maris ta fito, daga Disamba saura wata uku ke nan kafin a niƙe fayil ɗinsu. Lambar an riga an buga ta a jarida, mutane sun yanke ta da almakashi sun manna a jikin firiji. Ba wanda zai bi su gida-gida ya goge.

Daga ranar zagayen nan Goggo ta kama tari. Mista Elwood mai gyara ya zo sau uku, ya ce kayan jikinta ba a ƙara yin su. Ranar Talata ta yi kiranta kamar kullum, ta jawo shafi har rabi, ta ce "ƙit," ta tsaya. Rubutun hannu ne na wata mata, ga abin da ya fito: "Don Allah ina neman fayil ɗin mijina. Sabon likita ya ce ba zai fara masa maganin daji ba sai ya ga hoton da aka ɗauka bara. Sunansa..." A nan rai ya yi halinsa. Kantin da aka turo daga can bai sa lambarsa a saman shafi ba, don haka babu wanda za a kira. Abu ɗaya Misis Ratliff ta sani, matar za ta sake gwadawa, kuma wannan lambar za ta buga.

Marigayiya ta bar injin kwafi ɗaya mai girman kai, da butar kofi, abokiyar zamanta ta shekara ashirin, da kwali biyu na farar takarda. Ta kuma bar ƙanwa, wata na'ura da Misis Ratliff ta aro daga ofishin cocinsu a ranar, ta jona a layin ba tare da neman izinin kowa ba, kuma ba ta da niyyar ba da haƙuri.

Za a yi jana'iza a Juma'ar farko ta Disamba, a zauren taron shekara, bayan an ci soyayyar kaza da burodin masara, daf da batu na tara. Za a shimfiɗe gawa a babban tebur, a hannun daman shugaba, da shafin nan a bakinta yadda ta bar shi. Ba a buƙatar furanni. Duk ɗan kwamitin da ke son a yanke layi, ana roƙonsa ya taso, ya karanta shafin da ƙarfi har inda ya tsaya, sannan ya ɗaga hannu. Sakatariya za ta rubuta cikakken sunansa.

Ba za a kai Goggo makwancinta ba sai ranar da matar nan ta sake bugowa ta ƙarasa sunan mijinta.