Gadar Yanyawa Mai Maki Tara

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda ƙorama ba ta ƙafewa, dabbobi sun samu abin da kakanninsu ba su samu ba, wato lokacin hutu. Da ciki ya cika, sai aka shiga neman abin ɗebe kewa. Masu dabara suka fara ƙirƙiro wasanni. Wannan ya haƙa ramuka masu ɓatar da mai shiga, wancan ya ɗaura lilo a reshe, kowa ya kafa ƙofa yana karɓar gyaɗa ko ɓaure kafin a shiga. Wasannin suka yi yawa har ba mai iya gwada su duka, ga shi ba wanda yake son zubar da tanadinsa a banza.

Shi ya sa aka kafa Majalisar Maki a kan wata tsohuwar tsamiya a bakin kasuwa. Hankaka ne shugaba, don farin ƙirjinsa ya yi kama da na mai muƙami. Shamuwa ce mataimakiyarsa, saboda ta ga ƙasashe. Aku kuwa shi ne mai shela. Duk ranar kasuwa sai ya hau reshen sama ya faɗi makin kowane sabon wasa. A ƙa'ida makin daga ɗaya ne zuwa goma, amma ko tsofaffin dajin ba su taɓa jin ƙasa da bakwai ba. Daga ɗaya zuwa shida suna nan a ajiye, ba a dai san ranar da za a buƙace su ba.

A dajin akwai wata bushiya mai suna Ladingo, da mijinta Tanimu. Tanimu mai taka-tsantsan ne. Ba ya shiga wasa sai ya ji makinsa, kuma in bai kai tara ba ko kallonsa ba ya yi. Yakan ce wa matarsa, “Ladingo, an ajiye masana don su gwada mana. Me zai sa in yi kasada da kaina?”

Wata shekara Yanyawa, wadda ta fi kowa iya tallar wasa, ta buɗe abin da ta kira Gadar Sama. Gumagumai ne aka jera a kan igiyoyi daga wannan bakin kwazazzabo zuwa wancan, an yi musu ado da furanni, ga makaɗa a bakin shiga. Aku ya yi shela ya ce tara. Washegari Tanimu ya ɗebi gyaɗar da ya ɓoye ya tafi. Da azahar aka kawo shi gida a kan ganyen ayaba, ƙafarsa ta baya a karye. Gungumen tsakiya ne ya juya da shi, ya faɗa kan duwatsun ƙasa.

Mai ɗori ya yi aikinsa ya tafi. Ladingo tana yi wa mijinta fifita sai ta ji yana magana ƙasa-ƙasa.

“Kada ki faɗa wa kowa a gadar na faɗi. Ki ce daga kan rumbu ne.”

“Don me, Malam?”

“Wasa mai maki tara ne. In na faɗi, ni ne ban iya ba.”

Ladingo ta ajiye maficin. Ba karayar ƙafar ce ta fi ƙona mata rai ba, wannan maganar ce. Ta ce, “Ni ba zan yi wa rumbunmu ƙazafi ba. Gobe zan je tsamiya.”

Ta je. Ta tsaya a gindin bishiyar ta ɗaga kai ta yi sallama. Hankaka ya leƙo ya ce, “Baiwar Allah, lafiya?”

“Ranka ya daɗe, tambaya ce da ni. Tarar da kuka ba Gadar Sama, ta mece ce?”

Hankaka ya gyara tsayuwa, don irin tambayar da yake so ke nan. Ya ce, “Madalla. Ba da ka muke aiki ba. Muna duba kyan wuri, muna duba kiɗa, muna duba tarbar baƙi, sannan mu duba faɗuwar gaba da wasa ke sa mai yi. Kyan wuri, goma. Kiɗa, goma. Tarba kuwa, ban taɓa ganin inda aka karrama alƙalai kamar wurin Yanyawa ba. Abin da ya rage makin, rana ta yi yawa a bakin fita, babu inuwa. Kin ga ba ma ɓoye aibi.”

“Kun haye gadar har ƙarshe?”

Shamuwa ce ta amsa, cikin muryar dattijuwa mai son a fahimce ta. “'Yata, ni da kaina na hau. Da na zo tsakiya sai gungumen ya juya, na buɗe fukafukaina na sauka a ɗaya gefen. Wallahi nan ne ma ya fi daɗi. Na ɗauka cikin wasan ne.”

“Gwaggo, mijina ba shi da fukafukai.”

Sai Hankaka ya ce majalisa tana jajanta mata, amma ba za ta iya duba halittar kowane mai wasa ba.

Daga nan Ladingo ta wuce wurin Yanyawa. Yanyawa ta tarbe ta da fara'a, ta shimfiɗa mata tabarma. “Yaya Ladingo, na ji abin da ya faru, raina ya ɓaci. Gungumen nan mun san da shi. Ranar shela ce ta matso, dole muka buɗe. Gyara yana tafe. In Malam ya warke ya dawo, ba zan karɓi komai a hannunsa ba.”

“To ki rufe har a gyara.”

“Haba Yaya, wasa mai tara ake rufewa?”

A bakin ƙofa wasu birai da ke kan layi suka ji maganar. Ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa hawa gadar, amma sun riga sun biya, sun kuma yi kwanaki suna yabonta. Suka yi wa Ladingo ca. Wani ya ce masu lilo ne suka turo ta. Wani ya ce gajerun ƙafafu ba laifin gada ba ne. Har da mai jifa da ɓawon goruba. Ladingo ta dunƙule kamar yadda danginta ke yi, ta bari jifan ya ƙare, sannan ta miƙe ta kama hanya.

Ba gida ta nufa ba. Ta tuna cewa kwanan nan ta ga masu ɗingishi da yawa a dajin, kowa da labarinsa. Ta fara da Gafiya, wadda jelarta ke naɗe da tsumma.

“Maƙwabciya, me ya samu jelar?”

“Ƙofa ce ta datse ni.”

“Raminki yana da ƙofa?”

Gafiya ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, sai ta ce a hankali, “Gungumen tsakiya ne. Na zaci ni kaɗai ce.”

Haka Ladingo ta bi su gida-gida. Kurege ya ce santsi ne ya kwashe shi a rafi. Damo ya ce ciwon baya ne na gado. Zomo har rantsuwa ya yi kafin ya faɗi gaskiya. Wasu suka kore ta, ta koma washegari. Ƙafafunta gajeru ne, dajin kuma da faɗi, sai ta dawo gida a galabaice ta dafa wa Tanimu abinci, da safe ta sake fita. Tanimu ya roƙe ta ta haƙura, ya ce za a mai da su abin dariya. Ta ce, “Malam, dariya ba ta karya ƙashi. Gadar nan tana nan a buɗe.”

Ranar kasuwa, Aku ya buɗe baki zai fara shela sai ya hango wani ayari yana tahowa a hankali. Masu sanda, masu ɗori, masu jan ƙafa. A gaba Ladingo ce, a bayanta Tanimu yana dogara kara, idonsa a ƙasa. Kasuwa ta tsaya cak.

Ladingo ta ce, “Ranka ya daɗe, ban zo zagi ba, ban kuma ce kun yi ƙarya ba. Abin da kuka gani kuka faɗa. Amma mu da muke jin makinku, a ƙasa muke tafiya. Waɗannan da ke bayana duk sun gaskata ku, har da suka faɗi sai suka zargi kansu. Abu ɗaya muke roƙo. Ɗaya daga cikinku ya hau gadar nan yadda muke hawanta, fukafukai a ɗaure. In ya haye ya ce tara, ni zan fara yi muku shela.”

Hankaka ya ce wannan cin mutuncin majalisa ne, kuma babu shi a ƙa'ida. Aku ya ce shi mai shela ne kawai, abin da aka ba shi yake faɗa. Shamuwa ta daɗe tana kallon karan da ke hannun Tanimu. Sannan ta sauko ƙasa ta ce, “A kawo igiya.”

Duk kasuwa ta bi su zuwa kwazazzabo. Aka ɗaure fukafukan Shamuwa da igiyar rama. Makaɗa suka ɗauki kiɗa, Yanyawa tana murmushin yaƙe. Shamuwa ta taka gungumen farko, ta taka na gaba. Da ta iso na tsakiya, ta ɗora ƙafa ɗaya, gungumen ya motsa. Ta janye ƙafar. Ta leƙa ƙasa, ta ga duwatsu, ta ga furannin ado da suka zuba a kansu. Ta tsaya a nan har makaɗa suka gaji suka yi shiru. Daga bisani ta juyo da baya, taki ɗaya bayan ɗaya, har ta dawo inda ta fito.

Da aka kwance ta, ta ce, “Na sha wucewa ta saman ramin nan. Ban taɓa sanin yana da zurfi ba.”

Tanimu ya ɗaga kansa a karo na farko tun da aka kawo shi gida. Gafiya ta fashe da kuka. Biran da ke kan layi suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa yana cewa dama shi ya ga alamar gadar ba ta da kyau.

Majalisa ta shiga ganawa. Da yake rana ta yi zafi, Yanyawa ta ba su aron rumfarta, ta kuma aika da ɗan abin taɓawa. Sai ranar kasuwa ta gaba Aku ya hau reshe.

“Jama'ar daji! Majalisa ta ji kukanku. Ta yanke cewa za a sake duba makin Gadar Sama yau a gaban kowa, kuma Gwaggo Shamuwa ce za ta rubuta shi. Ta kuma yarda cewa ba daidai ba ne a ce duk alƙalai tsuntsaye ne. Don haka an naɗa wakili daga cikinku, mai haƙora kamarku, mai gashi kamarku, mai shayar da 'ya'yansa nono kamarku. Shi zai riƙa karanta maki daga yau. Ku yi wa Malam Jemage maraba!”

Aka yi tafi. Kurege ya matso kusa da Ladingo ya ce, “Yaya, kin yi nasara.”

Ladingo ta dubi sabon wakilin, ta dubi fukafukan da ya lulluɓe jikinsa da su. Ta juya ga mijinta ta ce, “Malam, akwai wani dutse a mararrabar da ake bi zuwa kwazazzabo. Daga gobe a can zan riƙa zama. Duk wanda ya zo wucewa zan faɗa masa abin da ke tsakiyar gadar, in ya so ya tafi.”

Tanimu ya ce, “Ki tashe ni mu tafi tare. Ke ki yi magana, ni in nuna ƙafar.”

Shamuwa ta sauko gindin tsamiya. Ta yi dogon tunani, sannan ta zana lambar shida da bakinta a kan rairayi, ƙatuwa, yadda kowa zai gani. Kasuwa ta ɗauki guna-guni, don ba a taɓa ganin irinta ba. Hankaka ya nemi a yi shiru, ya ce wakilin jama'a ya karanta.

Jemage ya leƙo daga inda yake rataye, kai a ƙasa, ya hango lambar a juye, ya faɗi abin da ya gani da babbar murya, “Tara!” kuma har yau babu wanda zai ce ya yi ƙarya.