Yadda Za Ka Je Aiki da Keke Ba Tare da Ka Hau Shi Ba

Idan ka bi matakan nan yadda na jero su, na yi maka alkawari cikin wata uku duk ofishinku za su riƙa nuna ka suna cewa ga gwanin keke, alhali ƙafarka ba ta taɓa taka feda ba. Ba labarin kanzon kurege na kawo maka ba. An gwada hanyar a kan mijin Yayata, wanda kowa ke kira Babban Akawu, ɗan shekara arba'in da tara mai tumbi da hawan jini, kuma ta ci.

Mataki na 1: Ka fara da bakinka

Tun kafin keke ya shigo gidanka, ka cika baki. Akawu tun yana neman auren Yaya ya shaida mata cewa da ƙuruciya yakan saki hannu biyu a kan keke yana cin rake. Shekara ashirin yana maimaita labarin, duk shekara raken na ƙara tsawo.

Da likita ya ce ko ya riƙa tafiya a ƙafa kullum ko jinin ya kayar da shi, sai ya ce Babban Akawu guda ba zai taka zuwa ofis kamar wanda aka ƙwace wa mota ba. Yaya ba ta yi musu ba. Bayan mako ɗaya ta turo sabon keke tsakar gida, a gaban yara da baƙi biyu, ta ce tunda tafiya ba ta dace da girmansa ba, ga sana'arsa ta da.

Gaskiyar ita ce sau ɗaya Akawu ya taɓa hawa keke, yana ɗan shekara tara, kuma a kwata aka tsamo shi. Ya shafa sirdin, ya ce ƙirar ba laifi. Baki shi ke yanka wuya.

Mataki na 2: Ka tanadi kaya

Hular kwano, safar hannu, gorar ruwa, ɗan famfon iska. Ka tusa ƙafar wandonka ta dama cikin safa don kada sarƙa ta kama. Sarƙar ba za ta taɓa ganin wandon ba, amma mutane za su gani. Ka sani, ba a tambayar mai hular kwano ko ya iya.

Mataki na 3: Ka fita daga layinku da mutuncinka

Nan ne wuri mafi haɗari a duk birnin, domin matarka na tsaye a bakin ƙofa. Kada ka ɗaga ƙafa. Ka dubi layin da fuskar dattako, ka ce mai hankali ba ya hawa keke inda yara ke wasa. Ka kama keken ka tura a natse har ka sha kwana.

Akawu ya yi haka ranar farko, yana jiran ta ce ya ɗan hau ta gani. Abin da ta ce kawai shi ne Allah Ya kiyaye hanya.

Mataki na 4: Ka riƙe gaisuwa

Da ka iso babban titi, ka tsaya ka kalli abin da ake kira zirga-zirga. Bas na tsayawa inda ya ga dama, babura na fitowa ta ƙarƙashin hammatar mutum, tirela na huci a shataletale, mai mota na buɗe ƙofa ba ya waiwaye. Ka gode wa Allah da bai koya maka keke ba, ka hau gefen titi ka ci gaba da turi.

Za ka haɗu da idon sani, wannan ba makawa. Da ka hango shi, ka yi saurin riga shi gaisuwa, ka ce yanzu ka sauko, ai ba tarbiyya ba ce a gaida mutum daga kan sirdi. Zai ji daɗi har ya ba da labarinka. In ka haɗu da wani a gaba, shi ma dominsa ka sauko. Birni cike yake da mutanen da suka cancanci a sauko musu, kuma daga gidan Akawu zuwa ofis kilomita bakwai ne na ladabi tsantsa.

Mai faci kaɗai za ka kiyaya. Akawu ya taɓa tsayawa wurinsa don a gan shi cikin 'yan keke. Mutumin ya matsa taya, ya juya feda, ya ce ikon Allah, wata guda ana hawa amma ledar feda ko ƙwarzane babu. Tun daga ranar Akawu ya sauya tsallaken titi.

Mataki na 5: Ka isa da gumi

Wannan ba sai ka ƙirƙira ba. Awa ɗaya da rabi kana tura ƙarfe, gumi zai zo da kansa. Ka kaɗa wa mai gadi ƙararrawa sau biyu, ka jingine keken inda kowa zai gani, ka shiga da hular a hannu kana zagin direbobi. Ka ce yau saura ƙiris wani mai bas ya gama da kai. In an tambaye ka minti nawa kake yi, ka ce ya danganta da iska.

Kada ka damu idan wandonka ya fara yi maka yawa, ko ka ga kana hawa bene ba ka tsaya a tsakiya kana duba wayar ƙarya ba. Illar sana'ar ce.

Mataki na 6: In an ce ka gwada, ka zama malami

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma gwani yakan ƙara haƙa shi. A wata na uku Manaja, wanda tumbinsa ya yi biyun na Akawu na da, ya kira shi. Ya ce ya ga yadda keke ya gyara shi, shi ma yana so, don haka in an tashi aiki Akawu ya zagaya filin ajiye motoci a gaban ma'aikata a ga yadda ake yi.

Akawu ya wuni bai iya haɗa lamba biyu ba. Yana ta ganin kansa kwance a ƙasa, hula a gefe, masu shara na dariya, labari ya riga shi isa gida. Tsoron faɗuwar bai kai tsoron idon Yaya ba.

Da aka taru, sai ya riƙe keken ya dubi Manaja.

"Ranka ya daɗe, kallo ba ya koyar da keke. Hau, ina riƙe da kai."

Manaja ya hau. Akawu ya kama bayan sirdi yana gudu yana ba da umarni: a dubi gaba, a daina kallon ƙafa, a saki jiki. Duk abin da ya ji ana faɗa wa yara a layinsu ne. Wata uku na turi sun ba shi numfashin da ya zagaya filin sau tara. A zagaye na goma ya saki, Manaja ya tafi shi kaɗai yana kiran sunan mahaifiyarsa. Aka yi tafi, aka ce ba a taɓa ganin malami irin Akawu ba.

Mataki na 7: Ka ɓoye takalmanka

Nan ne Akawu ya yi sakaci, kai kada ka yi. Ya dawo gida da yamma yana tura keke yana washe baki, sai ya tarar da Yaya a tsakar gida ta jera takalmansa ƙafa uku da ta karɓo daga wurin mai gyara, duk an sake musu dunduniya. Kusa da su ga takardar asibiti ta makon nan, wadda ta nuna jinin ya sauka.

Ya fara bayanin cewa birkin keken ne ba ya ci sosai, shi ya sa yake tsayawa da ƙafa. Ta bar shi ya kai aya.

"Baban yara," ta ce, "mahaifiyarka ta ba ni labarin kwatar nan tun ina amarya. Likita ya ce ka taka saboda lafiyarka, ka ƙi. Na san in saboda girman kanka ne, har bangon duniya za ka taka."

Akawu ya zauna a kan turmi. Kunya ta rufe shi, domin sai yanzu ya gane shekara ashirin tana sauraron labarin rake tana gyaɗa kai. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, to ko ya fara koyo ranar hutu.

"Kada ka kuskura," in ji Yaya. "In ka iya, minti ashirin za ka riƙa yi. Ni awa ɗaya da rabin nake so."

Washegari ya sa hular kwano, ya tusa wando cikin safa, ya ce mai hankali ba ya hawa keke inda yara ke wasa. Ta ce haka ne, Allah Ya kiyaye hanya.

A kula

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a cinyewar takalmi, zubewar tumbi, ko karayar duk wani manaja da aka saki kafin a nuna masa birki. Idan ka bi matakan nan asirinka ya tonu, kai ka jiyo. Idan kuma bai tonu ba, kada ka ɗauka wayonka ne. Ka duba cikin gidanka, akwai mai riƙe maka sirdi.