Ranar da Malam Hashimu Ya Kai Hari Makarantar Renon Yara

Bayan godiya ga Sarkin da ya halicci jarumai, ya kuma halicci masu zaman banza da za su riƙa ba da labarinsu, ga tarihin fitar sadauki Malam Hashimu ɗan Zubairu ɗan Mamuda ɗan Jatau Mai Gora, Jataun nan da maruwaita suka haɗu a kan ya taɓa korar kura daga bakin rijiyar garinsu shi kaɗai, ko da yake wasu mahassada daga dangin matarsa sun rantse kare ne, kuma gurgu. Daga wannan tsatso mai albarka Hashimu ya fito, jagoran masu sayar da kwanon rufi na layin tasha a Funtuwa, guguwa mai ɗage rumfar maƙwabta, mijin Balaraba shi kaɗai, wanda in ya yi gyaran murya a zaure kaji kan dakata da tono har sai ya wuce.

Asalin fitinar kuwa a majalisar gindin dalbejiya ta tashi, wata ranar Laraba bayan la'asar. Alhaji Nafi'u mai tayoyi, abokin hamayyar Hashimu tun suna yara, ya zo da 'yarsa wadda ba ta cika shekara huɗu ba, ya ɗora ta a kan benci, ya kunna ta kamar rediyo. Yarinya ta rufe ido ta jero jihohin ƙasar nan kaf da manyan biranensu, da Turanci, ba ta ko tsaya haɗiyar yawu ba. Majalisa ta kaure da masha Allah. An ce makarantarsu ba ta san wasa ba, aikin gida ake ba su har sai an sayo musu jaka mai taya, domin bayan yaro ba zai iya ɗauka ba. Ni mai wannan riwaya na taɓa tambayar yarinyar a wace jiha take zaune, ta fashe da kuka, amma ranar babu wanda ya tambaye ta.

Ana cikin haka ƙaddara ta koro ɗan Hashimu, sa'an yarinyar, yana gara wata tsohuwar taya, gwiwoyinsa fari fat da ƙasa. Alhaji Nafi'u ya yafito shi.

"Zo nan, ɗan albarka. Ku kuma me aka koya muku yau a taku makarantar?"

Yaro ya yi tunani mai zurfi, ya ce, "Mun yi wa tururuwa gada."

"Madalla," in ji Alhaji Nafi'u. "Malam Hashimu, ashe injiniya kake ɓoyewa a gida ba mu sani ba."

Dariyar da aka yi a ranar sai da mai shayin tsallaken titi ya leƙo. Jinin Jatau Mai Gora ya tafasa a jijiyoyin tattaɓa-kunnensa Hashimu. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa sama, ya sha alwashi a gaban shaidu cewa in rana ta take tsaka gobe yaron nan yana cikin waccan makarantar ta masu wasan ƙasa, to a tuɓe masa hula a tsakiyar kasuwa, kada kuma a sake ba shi wurin zama a kan bencin nan. Zai ciro shi da hannunsa, ya kai shi inda ake karatu har yaro ya rame.

A nan dole mai tarihi ya tsaya ya bayyana wani rauni da ke cikin sulken gwarzonmu. Yaron nan ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mahaifin Hashimu ya ci. Kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya, kuma Hashimu ya riƙe ta yadda kakanninsa suka riƙe, har ya ɗara su. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta sunan yaron ba. Bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa zaunar da shi a cinya ba. In zai kira shi sai ya ce "kai", in zai yi maganarsa sai ya ce "wancan". Yana sonsa, wannan babu shakka, so mai tsanani ma, amma ya kulle son a ciki ya hana shi leƙowa. Balaraba ce ta zaɓi makarantar, ita ke kai shi, ita ke ɗauko shi, shi kuwa maigidan ko launin ƙofarta bai sani ba.

Da hantsin Alhamis ya ɗaga, sadauki ya yi shirin fama. Ya saka babbar rigarsa ta shadda wadda sitaci ya mayar da ita garkuwa, ya kafa hula, ya fesa turaren da ke sanar da zuwansa tun daga kwana, ya hau babur ɗinsa mai tari, wanda bai taɓa tashi a bugun farko ba tun da aka ƙera shi. Balaraba ta tambaye shi ina zuwa da wannan ado, ya ce mata maganar maza ce. Ya keta layin tasha, ya ratsa rundunar 'yan acaɓa, ya tsallake kwatar bayan gidan mai, har ya ja birki a gaban ganuwar abokan gaba, wadda aka yi wa zanen giwa da lemo da wani agwagwa mai murmushi.

A bakin ƙofa ya tarar da mai tsaron ganuwa, wani tsoho da ake kira Baba Tanimu, yana ɓare gyaɗa a cikin hularsa.

"Na zo ɗaukar yaro," in ji Hashimu, da muryar da yake ba lebura umarni.

"To madalla, Alhaji. Yaya sunansa?"

Wannan ita ce kibiyar farko, kuma ta sami wurin da babu sulke. Hashimu ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi sama, ya dubi agwagwa.

"Yaron gidana ne. Wani ɗan gajere haka."

"Alhaji, ai duk cikinsu babu dogo," in ji tsohon. Ya jefa gyaɗa a baki, ya tura shi wurin malamar ajin.

Malama Suwaiba, wadda yaran ke kira Anti, kwamandar wannan sansani, tana durƙushe tana raba faɗa a kan wani marfin kwalba lokacin da inuwar jarumi ta rufe ta. Ya karanta mata takardar yaƙi da ka. Ya ce an kawo yara karatu an mayar da su 'yan kwaɓa laka, ya ce a wasu wurare sa'o'insu sun haddace ƙasa sukutum, ya ce yau zai tafi da nasa. Ta saurare shi da kunne ɗaya, ɗayan yana kan wani yaro da ke ƙoƙarin cin alli.

"Malam, muna yin baƙaƙe da ƙirga da safe, yanzu lokacin wasa ne, shi ma yana cikin karatun. In kana son cire shi haƙƙinka ne. Sai dai ni ban taɓa ganinka ba, kuma ba ma ba da yaro sai ga wanda ya kira shi da sunansa, shi ma yaron ya ce ya san shi. Suna fili, bismilla."

Haka Hashimu ɗan Zubairu ya kutsa filin daga shi kaɗai, babu mataimaki sai Allah. Me za a gani in ba tsofaffin tayoyi da aka shafa wa fenti ba, da lilo, da tudun yashi, da runduna iri-iri: ga masu tafa hannu suna rera baƙaƙe, ga masu jerin gwano a gaban bokiti suna jiran wanke hannu, ga wasu sun baje marafan kwalba suna ware ja daban, kore daban. Ba su ji tsoronsa ba ko kaɗan, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. 'Yan gaba-dai suka far masa ta dama, suka shige hannun babbar riga suka ayyana ta a matsayin tanti. Wata daga cikin baraden mata mai hannu jage-jage da shuɗin fenti ta rungume masa gwiwa, ta bar hatiminta a kan shadda har abada. Da ya sunkuya ɓamɓare ta, wani maharbi ya zare masa hula ta baya ya cika ta da yashi. Takalminsa na hagu ya yi shahada a cikin tudun, ba a sami gawarsa ba sai bayan sati. Amma tattaɓa-kunnen Jatau bai ja da baya ba, ya ci gaba da turawa yana jan yara uku a jikinsa, yana ɗingishi, yana kiran "A'a, a'a, ku bari mana," wanda shi ne kirarin yaƙinsa a wannan rana.

Can a gindin katanga, kusa da famfon da ke ɗiga, ya hango abin nemansa. Yaron yana kwance rubda ciki, ya jera tsinkayen tsintsiya a kan ɗan ruwan da ke gangarewa, shi da wani abokinsa suna ƙirga tururuwan da ke hayewa ɗaya bayan ɗaya, har sun wuce goma suna gardamar abin da ke biye. Hashimu bai san yaron ya iya ƙirga ba. Wani abu ya motsa masa a ƙirji, amma mayaƙi ba ya tsayawa sha'awar gonar abokan gaba, sai ya haɗiye shi.

"Wancan ne," ya ce da Malama Suwaiba, wadda ta biyo shi a baya.

"To kira shi ya zo."

Ya cika ƙirji da iska, ya ɗauko tsohon makaminsa. "Kai..."

Bai ƙarasa ba rundunar da ke kewaye da shi ta amsa da murya ɗaya, da irin waƙar da aka sha maimaitawa: "Ba a cewa kai, kowa da sunansa!" Ashe darasin farko ke nan da ake koyarwa a ajin, kafin ma a kai ga baƙaƙe. Wata 'yar ƙarama har da girgiza masa yatsa.

Rana ta kusa take tsaka. Inuwar jarumi ta tattare ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa mai takalmi ɗaya. A gefe guda ga benci da hula da dariyar Alhaji Nafi'u, a ɗaya gefen ga kunyar da ya gada kaka da kakanni, ga kuma sunan mahaifinsa da bai taɓa faɗa da baki ba ko a bayan idonsa. Maruwaita sun ce gumin da ya yi a wannan tsayuwa ya narkar da sitacin rigar baki ɗaya. A ƙarshe ya runtse ido, ya nemi gafarar magabata, ya karya abin da bai taɓa karyawa ba.

"Zubairu."

Sunan ya fito siriri, a shaƙe, da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba. Yaron ya ɗaga kai. Ya dubi wajen malamai, ya dubi ƙofa, yana neman mai kiransa. Idonsa ya bi ta kan mahaifinsa ya wuce kamar yadda ake wuce turken lantarki, domin a saninsa wannan mutumin ba ya cikin masu kiran sunan. Da bai ga kowa ba sai ya koma kan tururuwansa.

Wanda ya amsa kiran wani Zubairun ne daban, wani ɗan lukuti mai majina, ya taho daga bayan gida riƙe da wandonsa a hannu. Ya tsaya a gaban sadauki ya ce, "Baba, ɗaure mini." Hashimu ya durƙusa ya ɗaure masa mazagi. Wannan ce nasara ɗaya tak da tarihi ya rubuta masa a wannan yaƙi, kuma an ce ɗaurin ya yi kyau.

Malama Suwaiba ta kira sunan sau ɗaya, ba tare da ta ɗaga murya ba, yaron ya taso a guje yana kakkaɓe ciki. Da ya ga wanda ke durƙushe sai ya ja ya tsaya, ya sunkuyar da kai.

"Zubairu, ka san wannan?"

"Malam ne. A gidanmu yake kwana."

"Babanka ne?"

Yaron ya yi irin tunanin nan nasa mai zurfi, yana murza tsinken tsintsiya a hannu. Ba rashin kunya a fuskarsa, ba fushi, so yake kawai ya faɗi gaskiya yadda aka koya musu.

"Bai faɗa mini ba."

Duk raunukan da Hashimu ya samu a filin nan babu wanda ya yi masa ciwo kamar wannan, kuma ba na jin ya warke har yau. Malama Suwaiba ta kawar da kai ta shiga gyara wa wata yarinya ɗankwali. Daga baya ta ce, a hankali, gara dai mahaifiyarsa ta zo. Aka zazzage masa hularsa aka miƙa masa. Baba Tanimu ya buɗe ƙofa, ya yi masa tayin gyaɗa, bai karɓa ba.

Babur ya ƙi tashi. Jagoran masu kwanon rufi ya tura shi da ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a ƙasa, ya zaga ta bayan makabarta, hanya mafi nisa, don kada ya bi ta gindin dalbejiya. Ya isa gida ana kiran azahar. Balaraba tana tankaɗe a tsakar gida, ta dubi shuɗin hannun da ke gwiwarsa, ta gane inda ya fito.

"Malam, tun da har ka je, ai da ka taho da shi. An kusa tashi."

Ya jingine babur a bango, ya daɗe yana duban ƙafarsa marar takalmi.

"Sun ce ki je da kanki. Malamar ba ta san ni ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Shi ma haka."