Ranar da Kiɗan Rok Ya Hau Kaina

Kaset ɗin rok ɗin nan a Yamai na saye shi, ina ɗan lise, wato sakandare. Jita kamar tsawa, mawaƙin kuwa sai ka ce an take masa yatsa. Yau ni ne daraktan lakwal, makarantar boko, a Filinge, kowa Mushe yake ce mini, ga furfura, amma kiɗan yana cikin wayata, bai tsufa ba.

Da muka sallami yaran lakwal hutu na je ƙauyenmu. Da hantsi na leƙa bayan rumbu, ba kowa. Na ce to, yau ni da kiɗana! Na toshe kunnuwa da abin sauraro, na rufe ido. Waƙa ta uku tana shiga na cafe taɓarya na mai da ita jita, ina kaɗa kai, ina tsalle, ina kururuwa da Ingilishin da ban iya ba.

Na manta cewa Gwaggo, yayar babana, ita ce babbar 'yar borin garin. Ta daɗe tana cewa iskokin gidanmu ni suke jira, ni kuma ina yi mata wa'azi.

Sai na ji an yafa mini baƙin zane. Na buɗe ido, ga hayaƙin turare, ga mata a durƙushe, mai goge yana gyara zama.

"Sannu da sauka," in ji Gwaggo, tana hawayen murna. "Mi za a yanka maka?"

"Gwaggo, kiɗa ne fa!"

"Ai da kiɗa suke zuwa, ɗana."

Har yau in na shiga kasuwar Baleyara sai wani ya durƙusa gabana: "Mushe, bana za a samu ruwa?"