Yadda Za Ka Nemi Rumspringa a Gidan Bahaushe

Kai ɗan shekara sha shida da ke unguwar Morris Heights can ƙasar Turawa, wanda ya gaji da jin "ina za ka?", matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin ganin canji cikin wata guda. Haisam ɗan Alhaji Zayyanu ya bi su a 1996 don a bar shi zuwa fatin 'yan ajinsu a Harlem, kuma ya ga canjin.

1. Haddace kalmar.
Amish wasu Turawa ne manoma, ba sa harka da lantarki ko mota, sai keken doki. Yaronsu in ya kai sha shida sai a sakar masa mara ya ɗanɗana duniya, kafin ya zaɓi zama cikinsu. Wannan ita ce Rumspringa. Faɗe ta da ƙarfi, kalma mai nauyi rabin hujja ce.

2. Jira tuwo ya sauka.
Uba mai yunwa ba ya nazarin al'adu.

3. Nuna hoto.
Haisam ya kawo wanda ya samo a yawon makaranta. Alhaji ya ga gemu, ya ga mata da kallabi, ya ce, "Kai, waɗannan mutanen kirki ne!" Daɗi ya kama Haisam. Kaico, yaro man kaza!

4. Amsa kowace tambaya da gaskiya.
"Shekara nawa suke yi ba lantarki kafin a sake su?"
"Sixteen, Baba."
"Kai kuma sha shidan nan ka yi su da talabijin, da firji, da wasan bidiyo?"
"Yes, Baba."
Alhaji ya shafa gemu. "Ashe kai ka riga ka cinye Rumspringarka. Saura zaman Amish ɗin. Rabi'atu, ɗauko wa ɗanki fasfo."

5. Sayi man shafawa.
Ranar fatin, Haisam yana kan amalanken shanun Kawu Tamimu a wani ƙauye bayan Kazaure, da fartanya a kafaɗa. Damina guda ya yi. Ya dawo da kanta a hannu da Hausa a baki, har yana gaida firji.

Gargaɗi: canji na yi maka alkawari, ban ce wane iri ba, don haka ba ruwana. Mai ƙorafi ya rubuto wasiƙa, tunda inda za a kai shi babu tarho.